Ranar Da Aka Kashe Jarumin Tela

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikin tela ya shanye. Hannun damansa, wanda ya shekara ashirin yana riƙe almakashi, ya koma ko cokali ba ya ɗagawa. Matarsa ke yi masa komai, shi kuwa ya juya wa bango fuska. In ta yi magana goma, da ƙyar ya amsa ɗaya.

Likitar da ke gasa masa hannun ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsu ba tare da ya ji aiki ake sa shi ba. Sai maƙwabcinsu ya ara musu na'urar gem, aka jona da talabijin. Wasan na yaƙi ne da dodanni. Kai za ka gina jaruminka, ka zaɓa masa makami, ka raba masa makin da ya ci.

Tela ya sa wasan a mataki mafi sauƙi. Duk makin da ya samu, sulke da garkuwa da yawan jini yake zuba wa.

"Kin ga," ya ce da matarsa, "ba ni da sauri, to gara in zama mai wuyar kashewa. Maɓalli biyu sun ishe ni. In kare, in sara."

"Wannan ƙaton naka ai tafiyarsa irin taka ce," ta ce.

Ya yi dariya. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon.

Wata huɗu yana fama. Jarumin ya ci kogon gizo-gizo, ya ci gadar wuta. Hannun ma yana ci gaba. Ya fara riƙe kofi. Wata safiya ta same shi yana ƙoƙarin zura zare a allura, ta koma da baya a hankali don kada ya gan ta tana hawaye.

Tela yana da ƙane, ana ce masa Gwani, don ba shi da zance sai gem. Wata Asabar da la'asar ya zo dubiya da abokansa biyu. Yana ganin talabijin ya fashe da dariya.

"Haba Yaya! Matakin jarirai? Wannan ai ba jarumi ba ne, tukunyar ƙarfe ce da ƙafafu."

"Kai, sarkin surutu, bar masa abinsa," in ji matar daga bakin ƙofa. "Haka yake so."

"Matar Yaya, ke je ki kawo mana ruwa. Wannan ba fagenki ba ne."

Ta saba da tsokanar ƙanin miji, sai ta yi tsaki ta tafi kicin. Wannan tafiyar ce har yau take cizon yatsa a kanta.

Kafin ta dawo, Gwani ya karɓe abin dannawar. Ya tuɓe wa jarumin sulke ya sayar. Ya kwashe makin jini kaf ya mayar kan sauri, ya ba shi wuƙaƙe biyu. Yana yi yana wa'azi: gwanaye ba sa karewa, gocewa suke yi. Sannan ya ɗaga wasan zuwa mataki na ƙarshe, wanda in jarumi ya mutu sau ɗaya, an share shi har abada. Talabijin ta tambaya ko ya tabbata. Bai dubi yayansa ba ya danna.

"Ungo, Yaya. Yanzu ka zama namiji."

Sabon jarumin maɓalli shida yake bukata, a jere, cikin ƙiftawar ido. Tela ya karɓa don kunyar baƙi. Dodo ya taso. Babban yatsan tela ya ƙage, abin dannawar ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Sara biyu aka yi wa jarumin. Allon ya yi baƙi.

Abokan suka tuntsire da dariya. Ɗaya har da buga cinya.

Ta shigo da tire ta ga mijinta yana kallon hannunsa kamar na wani ne. Ta dire tiren har kofuna suka zube.

"Me ka yi masa?"

"Wasa ne fa, sai ya sake sabo."

"Wasa? Ka san dare nawa yake kwana da zugin hannun nan? Sau nawa ka zo ka kai shi asibiti? Ko sau ɗaya! Sai yau ka kwaso 'yan kallo ka zo ka nuna ka iya, a kan mai ciwo! Ku fitar mini daga ɗaki, marasa kunya!"

Suka fita sumui-sumui. Gwani yana ta ƙunƙuni wai taimako ya yi.

Ta durƙusa ta ɗauko abin dannawar ta ɗora masa a cinya. "Maigida, mu sake gina wani. Ni zan riƙa tuna maka yadda ka yi."

"Mayar wa mai shi," ya ce. "Na ga iyakar hannun."

Daga ranar bai ƙara taɓa gem ba. Ya daina zuwa gashi. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta kira likitar ta waya, ya ƙi karɓa. Yatsun da suka fara buɗewa suka dunƙule, har sai da ƙarfi take buɗe su ta wanke masa tafi. Bayan wata biyar ciwon ya sake bugunsa, bai tashi ba.

Ranar zaman makoki Gwani ya fi kowa kuka. Ya zo gabanta ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba," ta ce, ta kau da kai.

Ba ta ce shi ya kashe mata miji ba. Kwana ne ya ƙare. Amma ta san wanda ya kashe masa zuciya, kuma ta san ranar.

Jama'a, in kun ga mai rauni yana lallaɓa abu a hankali ta hanyar da ƙarfinsa zai iya, ku rufe baki, ku janye hannu. Abin da kuke kira wasa, wataƙila shi kaɗai ke riƙe da shi. Iyawar da ba tausayi a cikinta zalunci ce.