Matakalar da Ta Ƙi Karyewa

Tunda na ga ka ɗaura niyyar sai ka gyara abin da ke hannunka ya wuce na kowa, zauna ka ji misali. An yi wani maƙeri a wani gari na bakin rafi, yana da keken doki da yake kai fatanya da garemani kasuwannin ƙauye. Mahaifiyarsa ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, ga shi kuwa ba ta iya daɗewa ba ta ƙetare rafi ta dubo 'yarta da ke aure a tsallake ba. Keken dogo ne. Kafin ta hau sai an kife mata turmi, ta ɗora ƙafa tana cije leɓe, shi kuma ya tallabe ta. Wata rana turmin ya goce, ba don ya tare ta da ƙirji ba da sai ƙasa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya hura wuta, ya ƙera mata matakala ta ƙarfe mai hawa biyu, ya tsattsaga saman kowane hawa don kada takalmi ya zame. Da ya gwada ta a gefen keken, sai ya ga har yanzu tsohuwa na ɗaga ƙafa da ƙyar. Ya ƙara hawa na uku, ya sauko da shi har ya kusa shafar ƙasa. Sannan ya ce abin da uwarsa za ta taka ba na ɗaurewa da igiya ba ne. Ya huda katakon keken, ya zura ƙusoshi masu kaurin yatsa, ya dandaƙe kawunansu tun suna ja, ya ƙara tokare matakalar da wani ƙarfe ta ƙasa. Ya hau ya yi ta tsalle a kai, ko gezau. Tsohuwa ta hau kamar mai shiga ɗakinta, ta yi ta sa masa albarka. Duk tsawon rani haka aka yi ta zirga-zirga lafiya, don mashigin rafin yashi ne shimfiɗaɗɗe.

Da damina ta zauna, wata rana da hantsi aka aiko cewa ƙanwarsa da ke aure a tsallake na naƙuda. Hadari ya haɗu can gabas, baƙi ƙirin, amma a garinsu ko ɗigo bai sauka ba. Ya ɗaura doki, tsohuwa ta hau, suka kama hanya. A bakin rafi ya duba, ruwa iya idon sawu ne, ja wur da laka. Abin da bai gani ba shi ne, ruwan farkon damina ya kwashe yashin, duwatsu sun fito a ƙarƙashi. Suna kaiwa tsakiya sai ya ji ƙarfe ya daki dutse, keken ya tsaya cak, har tsohuwa ta kusa kifawa. Ya zaburi doki, doki ya yunƙura, keke bai motsa ba. Ya diro ya laluba cikin ruwa, sai ya ji hawan nan na uku ya cusa kansa cikin tsagar dutse ya maƙale. Yana sunkuye a nan kunnensa ya jiyo wani rugugi daga sama da rafi. Ya ɗaga kai, ya ga kumfa da karare da busassun rassa suna tahowa. An yi ruwa a gabas, rafi ya kawo.

Ya kama linzami ya tura doki baya, matakala ta ƙara cijewa. Ya sa kafaɗa ya ɗaga keken, ruwa ya kai masa gwiwa. Ya rarumi dutse ya shiga dukan ƙarfen, ko zai ɓalle daga katakon su tsira. Duka bayan duka, har fatar hannunsa ta saluɓe, amma ya san kowace ƙusa a wurin, shi ya dasa ta, kuma ya san ba mai fita. Tunda ya fara ƙira bai taɓa fatan aikinsa ya zama na ha'inci ba sai ranar. Ruwa ya kai cinya, ya fara leƙa cikin keken. Doki na haniniya, idanunsa sun firfito, yana neman tumurmushe kansa cikin igiyoyi. Sai tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, rabu da ƙarfen nan. Saki dabbar, ka zo ka ɗauke ni." Ya zaro wuƙa ya yanke maɗauran, ya juya mata baya ta hau, ya damƙi wutsiyar doki da hannu ɗaya. Ruwa na kwashe masa ƙafa, duwatsu na yankarsa, yana jin numfashinta a wuyansa tana salati, dokin na jan su, har Allah ya sa suka dafa gaɓa. Da ya waiwaya, keken ya riga ya kwanta a gefe, ruwa na ɓaɓɓalle shi katako bayan katako.

Tsohuwa ta isa ta tarar da jika, ɗiya mace, uwa da 'ya lafiya. Shi kuwa da ruwa ya janye ya koma mashigin, bai sami komai na kekensa ba sai matakalar, tana nan daram cikin dutse da guntun katako a jikinta, ko ƙusa ɗaya ba ta saki ba. Ya daɗe tsaye yana kallonta.

Ba mugunta ta kai shi nan ba, ba kuma lalaci ba. Ƙauna ce da gwaninta, sai dai ya auna gwiwar mahaifiyarsa bai auna hanyar da keken zai bi ba. To, kai ma kafin ka ƙara hawa na uku, duba mashigi. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira a rasa ido.