Yatsun Jarumar da Kaka Ta Gani

Ina da shekara takwas ko tara, ba ni da tabbas, lokacin da Kaka ta zo mana Landan daga Kano. Ba ta jin Turanci, ni kuma da Turanci nake amsa Hausarta, don haka hira ta gagare mu.

Wata Asabar da rana Baba ya kai mu wani gidan sinima a unguwar Stratford kallon tsohon fim marar magana. Jarumar ta fito tana yi wa wani attajiri murmushi.

Kaka ta taɓo ni. "Ke, wannan ba son sa take yi ba. Dubi yadda ta matse yatsunta."

Can kuwa jarumar ta sheƙa masa shayi a riga. Kaka ta yi dariya har mutane suna waiwayowa.

"Kaka, yanzu me za ta yi?" Sai da na faɗa na ji ashe da Hausa na tambaya.

"Au, dama kina da baki? Matso nan."

A kan wannan jarumar na yi binciken kammala digirina: daga wasan dandamali ta fara, zuwan fim mai sauti ya tsayar da aikinta. Na sake kallon wurin a fim ɗin don in tabbatar. Yatsun a matse suke.