Ƙwai Shida na Malam

"Ku matso, yau za ku ga yadda 'ya'ya ke gadon iyaye da idonku!" in ji mijina, Malam Garzali, yana jan ɗaliban sakandarensa zuwa akurkin gidanmu a Bebeji.

Ni ina bayan ƙyaure, ina leƙensu.

Malam ne ya haɗa baƙin zakara da farar kaza. Shi da ba ya karya kumallo sai da ƙwai, ya haƙura da guda shida ya bar mata ta kwanta. Ya sa kowane ɗalibi ya rubuta launin da 'yan tsakin za su ɗauko. Kwana ashirin da ɗayan da ya ɗiba suka wuce shiru, har yara suka laƙaba masa Malam Baragurbi. Yau da ya ji kuka a akurkin, ko leƙawa bai yi ba, ya ruga makaranta ya kwaso su.

Ya buɗe akurkin. 'Ya'ya shida masu faɗin baki suka fito suna tangaɗi, suka faɗa bahon wankina suna iyo.

"Malam," in ji wani ɗalibi, "iyon nan daga wajen uwa ne ko uba?"

Dariya ta ɓarke. Malam ya nufo ƙyaure.

"Kulsumu, ina ƙwaina?"

"Na soye," na ce ƙasa-ƙasa. "Na zuba wa kazar na agwagwar maƙwabciyarmu 'yar Tiga."

"Ke da ko ƙarnin ƙwai ba kya so?"

Na ja mayafi na rufe fuska, na dafa cikina.

"Ba ni ba ce, Malam. Wata uku ke nan. Kwaɗayin ƙwai kuwa, sai ka tambayi ɗalibanka ko wa ɗan cikin nan ya gado."