Ƙarin Ƙyalle a Rigar Marigayiya

Godiya ta tabbata ga Allah Mai suturta bayinSa. Ya Ubangiji, Ka yi mana jagora.

Ranar rabon kayan marigayiya, 'yarta ta juya wata riga, sai ta ga ƙarin ƙyalle a gefe, ɗinkin mahaifinta.

"Baba, ba shayin ganye ne ya ramar da Umma ba?"

Tsohon telan ya yi murmushi. "Da ta san bai yi ba, ƙwayoyin rage ƙiba na kasuwa za ta koma, alhali likita ya gargaɗe ta kan ƙodarta. Tana dafa ganye, ina buɗa rigunanta a ɓoye. Kullum sai ta ce, 'Malam, na zube ko?'"

"Kai kuma ka ce me?"

"In ce rigar ta yi mata yawa. Ban taɓa yi mata ƙarya ba."

Allah Ya jiƙanta, Ya ba mai karatu abokin zama mai tausayi.