Kalmasa Uku

"Rigar nan ta ɗage mata, Yaya, a bayar kawai," in ji ƙanwarsa, tana gwada ta a jikin 'yarsa da ta shiga shekara bakwai.

Ya karɓe rigar. "Ba inda za ta."

Ita ce ta ƙarshe da matarsa ta ɗinka, bayan likita ya ce saura mata wata uku a duniya. Tari yana sarƙe ta, amma ƙafarta ba ta bar keken ɗinkin ba. Har faɗa ya yi mata: "Ki kwanta mana!" Ta yi dariya. "Kai da kake birkila, me ka sani a ɗinki?"

Ya ɗauki reza da yatsun da siminti ya cinye, ya farke kalmasar ƙasan rigar a hankali. Yadi ya sauko. A ciki akwai wata kalmasar, bayanta kuma wata, kowace da lambar da ta ɗinka da jan zare: bakwai, takwas, tara.

Wata uku aka ba ta, ita kuwa shekara uku ta auna wa 'yarta.

Ya jawo kujerarta gaban keken, ya dubi ƙanwarsa.

"Zo ki nuna min inda ake zura zare."