Inda Muryoyi Ke Ɓacewa

"Muryoyin sun sake ɓacewa," in ji Ottavio mai na'urar ɗaukar murya daga bayan labule. "Allura na zana faifan kaki lafiya lau, sai a tsakiyar waƙa ta yi laƙwas kamar ba kowa a ɗakin."

Maestro Gaudenzio, shugaban mawaƙan coci, ya duba abin da ya saura. Faifan kaki ɗaya ya rage. Sabon bishop ya hana wannan tsohuwar waƙar ibada daga bikin Ista mai zuwa, kuma duk garin Lecce tsofaffin mawaƙan Gaudenzio kaɗai ke riƙe da ita. In ba ta hau faifai yau ba, kabari za ta bi su.

"Na'urarka ce ba ta da imani, ɗan nan," in ji tsoho Ermete, ɗaya daga cikin mawaƙan.

"Ko dai numfashinka ne ke ƙarewa, Kaka?" in ji Ottavio.

"Ku rufa mini asiri," in ji Gaudenzio. "Ottavio, yaye labulen nan ka zuba mana ido."

Suka fara, bakunansu dab da mazurarin da ke zuƙar murya. Da suka iso baitin da Almasihu ya ɗauki jikin mutum, Gaudenzio ya runtse ido ya durƙusa, yadda ya saba tun yana yaro. Mawaƙa duka suka zube a gwiwa suna rera wa daɓe, mazurari can sama yana haɗiyar iska.

Ottavio ba shi da damar yi musu tsawa, don faifai zai ɗauka. Da Gaudenzio ya buɗe ido, sai ga Ottavio durƙushe a tsakiyarsu, rungume da mazurarin, ya sunkuyo da shi daidai bakunansu.