Tankar Gonar Shinkafa

Sojoji uku suka faɗo zaure ba sallama. Burushi ya suɓuce daga hannun Sama'ila mai fenti.

"Kai ka watsa a intanet hoton tankar yaƙi cikin gonar shinkafa?" in ji babbansu. "Mutanen Auyo na ta tserewa a kwalekwale!"

Sati uku Sama'ila ya yi yana mata fenti, yana zana tsatsa, yana shafa mata lakar kogin Haɗeja.

"Ina take?"

"Yallaɓai, a yi mini rai."

Sama'ila ya miƙo ta a tafin hannu, 'yar mitsitsiya ta roba.

Babban sojan ya daɗe yana kallonta. Idonsa ya ciko.

"Cikin irin wannan ƙanena ya rasu. Don Allah yi mini ɗaya."